Roba Ta Huɗu

Shekara saba'in da ɗaya ina duniya, Yaya bai taɓa yi mini magana da ladabi ba. Tun muna yara sunana a bakinsa Gardama, kuma ko a gaban surukaina haka yake kirana. Saboda haka ranar da na shiga ɗakinsa ya ɗago kai ya ce, "Sannu da zuwa, baiwar Allah, wa kike nema?" sai da na dafa ƙofa.

Babbar 'yarsa ce ta kira ni a waya. Manaja muke ce mata a gida, don tun tana 'yar shekara tara take jera ƙannenta a layi tana duba musu farce. Ta ce mini mahaifinta ya rikice. Ya sa takalminsa a firij, ya faɗi a bayi sau biyu, yana yawan tashin zuciya, jiya kuma ya tambaye ta ko ita ce sabuwar mai kawo wasiƙa. Ta ce ta san wadda ta yi masa haka. Maman Biyu ce, matar da take masa girki tana kula da shi tun rasuwar matarsa, shekara huɗu ke nan. Mako biyu da suka wuce ta shigo kicin ba zato, ta same ta tana barbaɗa wani farin gari daga ƙullin takarda a cikin romon Baba. Da ta tambaye ta mene ne, matar ta sunkuyar da kai kawai. Nan take ta sallame ta, ta ɗauki hutu a ofis, ta dawo gidan da kanta.

Na tambaye ta yaushe rikicewar ta fara. Ta ce kamar kwana huɗu bayan tafiyar matar. Na ce to, wannan wane irin guba ne da sai an daina ba mutum yake fara aiki? Ta ce abin ya riga ya shiga jiki ne, kuma ta san halina, don Allah kada in fara.

Ban fara ba. Na zauna a kujerar da ke gefen gado ina kallon ɗakin, ina zargin kowa a zuciyata. Maman Biyu dai ban taɓa sakin jiki da ita ba, shirunta ya yi mini yawa. Ita ma Manaja ban wanke ta ba. Shekara biyu tana neman ta kwashe mahaifinta ta kai shi gidanta, shi kuma yana cewa sai dai a fitar da shi a kwance, kuma mutumin da aka ce ya ruɗe ba a ƙara neman ra'ayinsa. Sai kuma maƙwabta da suke leƙowa suna cewa ai tsufa ne. Wannan kalma na fi tsana. Na yi shekara talatin da huɗu a ɗakin gwajin jini na asibiti, na ga yadda ake jefa ta a kan mara lafiya duk ranar da aka gaji da tambaya.

Ɗakin yana nan kamar yadda na san shi. Yaya mai gyaran agogo ne, kuma ko da ya rufe shago bai rabu da teburinsa ba: ƙananan sukundireba a jere, kwalabe 'yan mitsi-mitsi na ajiye sukurori, da gilashin nan mai ido ɗaya da yake duba cikin agogo da shi, wanda ko 'ya'yansa bai yarda su taɓa ba. Agogon bango uku duk sun tsaya, ba wanda ya yi musu wani, wato ya murza makullinsu. Abin da ban sani ba a ɗakin shi ne takardar da aka manna a jikin ƙofa, da robobin ruwa biyar a jere a kan taga, kowace lita ɗaya, an rubuta musu lamba da alƙalamin maka. Takardar jadawali ce da rubutun Manaja mai kyau. Roba ta ɗaya kafin ƙarfe tara, ta biyu kafin sha biyu, har zuwa ta biyar.

Na tambaya, ta yi mini bayani tana alfahari. Wata uku da suka wuce likita ya ce jinin Baba ya hau, ya rubuta masa sabuwar ƙwaya, ya yi magana a kan gishiri. Ita kuma ta yi nata binciken. Kowa ya san ruwa yana wanke jiki, yana tsinka jini, yana huce ƙoda. Ta hana gishiri shiga gidan gaba ɗaya, ta tsara ruwan. Na ɗauki kwalin ƙwayar na karanta, irin mai sa yawan fitsari ce. Na ajiye.

A ƙarƙashin tagar akwai wata tukunyar fulawa da matar Yaya ta bari. Ganyen ƙasa duk sun yi rawaya sun saki, kamar shukar da ruwa ya kwanta mata, amma da na tura yatsa a ƙasar na ji ta bushe ƙamas. Na riƙe wannan ma a raina.

Manaja ta ɗauko ambulan daga jakarta. A ciki ƙullin takardar yake, ta adana shi a matsayin shaida, ta ce gobe za ta kai wa 'yan sanda. Na ce ta ba ni in gani. Na zuba kaɗan a kan baƙin murfin akwatin Yaya, na ɗauki gilashinsa na sa a ido. Yana kallona bai ce uffan ba, wannan ya fi komai tayar mini da hankali. A ƙarƙashin gilashin garin ba gari ba ne, ƙananan ƙwayoyi ne masu kusurwa, kowace kamar ɗan akwati. Na riga na gane, amma fararen abubuwa suna da yawa a duniya, kuma aikina ya koya mini kada in ɗanɗana abin da ban sani ba. Na je kicin na kunna murhun gas, na jiƙa bakin wata siririyar wayar ƙarfe, na dangwali garin na kai cikin shuɗiyar wutar. Wutar ta tashi rawaya, launin da gishiri yake ba wuta.

"Gishiri ne," na ce.

Na zaci za ta ji kunya. Ina! Fuskarta ta ƙara ɗaurewa. Ta ce ai wannan ya fi muni, gishiri ga mai hawan jini kisa ne a hankali, kuma matar ta san an hana.

"Likitan cewa ya yi a rage, ko cewa ya yi a hana?"

"Gwaggo, mene ne bambancin? In ragewa tana da kyau, hanawa ta fi."

Na ɗauki mayafina na ce zan ɗan taka.

Mai gadin gidan ne ya kwatanta mini inda Maman Biyu take aiki yanzu, wani shagon wanki da guga a layi na uku, tsakanin mai walda da mai sayar da katifa. Na same ta a baya tana guga, tururi ya jiƙe mata gaban riga. Da ta gan ni ta ajiye dutsen gugar a tsaye, ta gaishe ni a taƙaice, ta tambaya ko 'yan sanda suna waje. Na ce ni kaɗai ce, kuma ban zo neman afuwa ba, tambaya na zo yi. Ta ce in yi.

Gishirin ba ta musa ba. Ta ce tunda aka hana, Baba ya daina cin abinci. Sai ya kai cokali baki ya ajiye ya ce an dafa masa ruwan wanka. Ya rame, wandonsa ya fara zamewa. Ran nan ya roƙe ta, shi da bai iya roƙo ba, ta sayo gishiri ta ƙulle a takarda, take sa masa ɗan abin da yatsa biyu suka ɗauka a romo sau ɗaya a rana. Ya koma cin abinci. Na tambaye ta me ya sa ba ta faɗa wa Manaja ba. Ta ce, Gwaggo, ke kin taɓa faɗa mata magana ta tsaya ta ji ƙarshenta?

Sai na ce, saura fulawar.

Ta dube ni da kyau, tana auna ko tarko ne. Daga baya ta ce tunda an riga an kore ta, ba abin da ya rage. Baba ba ya iya shanye robobin. In ya sha biyu sai ya ce cikinsa ya zama randa, yana jin ruwan yana motsi in ya juya. To ita kuma ta san da yamma za a zo a ƙirga. Sai take juye ukun, wani a tukunyar fulawa, wani a bayi. Wata biyu da rabi tana haka. Ta ce ta san ha'inci ne, kuma fulawar marigayiya ta kusa mutuwa a hannunta, wannan yana damunta.

Na tsaya ina lissafi a tsakiyar tururin. Wata biyu da rabi yana shan lita biyu, yana samun ɗan gishiri, yana cin abinci, hankalinsa garau. Aka kori mai ha'inci, aka kawo mai gaskiya. Mako biyu ke nan yana shan lita biyar cif, ba gishiri, ba abincin kirki, ga ƙwaya tana fitar da ɗan gishirin da ya rage masa ta fitsari. Ban yi mata sallama yadda ya kamata ba. Na fita ina sauri irin wanda gwiwoyina suka manta.

Na tarar da Manaja a bakin gado da kofi a hannu, roba ta huɗu a buɗe a gefenta. Tana lallashinsa kamar yaro, Baba daure, saura kaɗan. Shi kuwa yana haɗiya idonsa a rufe. Na karɓe kofin na ajiye a kan tebur. Na ce ruwan nan ne yake rikita shi, kuma yanzu za mu tafi asibiti.

Ta yi wata 'yar dariya. Ta ce ta ji mutane sun zargi maiko, sun zargi sukari, amma yau ta fara jin an zargi ruwa. Ruwa fa, Gwaggo, wanda aka tace, ita da kanta take sayowa. Ta ce ta san daga inda nake, kuma ta san matar nan da iya tsara zance. Sannan ta faɗi abin da ya daɗe a ranta: wai ni ban taɓa yarda da komai ba sai in ni na faɗa, ko rana aka ce ta fito sai na leƙa. Na ce wannan gaskiya ne, kuma ita ma ina so ta leƙa.

Na juye sukurori daga kwalabe biyu na Yaya, na ɗauraye su. Na auna rabin lita daga robarta a jug, na zuba ƙaramin cokali ɗaya na gishirin shaidarta, na shafe bakin cokalin, na juya har ya narke. Kwalba ɗaya na cika da wannan, ɗayar da ruwan robar zalla. Ina da ciwon suga, allurar huda yatsa ba ta barin jakata. Na huda, na ɗiga jini uku a nan, uku a can, na girgiza. Sai na ciro jadawalinta daga jikin ƙofa na riƙe a bayan kwalaben, na ce ta karanta.

Ta bayan mai gishiri ba a ganin komai, ruwan ya yi ja mai duhu-duhu kamar an kaɗa ƙasa a ciki. Ta bayan ruwa zalla kuwa, cikin ɗan lokaci ya washe, ya zama ja garau kamar gilashi, rubutunta ya fito raɗau: roba ta huɗu, kafin ƙarfe biyar.

Ta ce wannan mai kyan ai shi ne lafiyayye.

Na ce shi ne matacce. Na yi mata bayani yadda nake yi wa sababbin ma'aikata a da. Jini cike yake da ƙwayoyi, kowace 'yar jaka ce mai siririyar fata, da ruwa mai gishiri a cikinta. Ruwa yana ratsa fatar nan yadda ya ga dama, gishiri kuwa ba ya ratsawa da sauƙi. Shi kuma ruwa halinsa ne ya bi gishiri, duk ɓangaren da ya fi gishiri can yake tafiya. A kwalba mai gishiri, ciki da waje daidai suke, ƙwayoyin suna nan da ransu, su ne suka tare haske. A ruwa zalla, ruwan ya yi ta kutsawa cikinsu har suka kumbura suka fashe, shi ya sa ba abin da ya rage da zai tare rubutun. Na ce a jikin mutum abin ba ya kai wa haka, ƙoda tana zubar da rarar. Amma ƙodar ɗan shekara saba'in da takwas, da ƙwayar nan a kanta, ba abinci, tana da iyaka. In jini ya tsinke, ruwa ya rinjayi gishirinsa, ƙwayoyin jiki sukan sha ruwa su kumbura. Na ƙafa suna da wurin kumbura. Na ƙwaƙwalwa a cikin ƙashi suke.

Ta ƙura wa kwalaben ido. Sai ta ce jinina na mai suga ne, wa ya sani. Ta ɗauraye kwalaben da kanta, ta sake cikawa, ta karɓi sabuwar allura ta huda nata yatsan. A raina na ce, jinin gidanmu ne. Ta riƙe jadawalin a baya, ta jira. Da rubutun ya fito, ta ajiye takardar a kife, ta je ta ɗauko makullin mota.

Likitan da muka samu yaro ne, bai kai ɗan autana ba, kuma na ga yadda ya kalle ni lokacin da na ce a duba gishirin jininsa. Irin kallon da ake yi wa tsohuwar da ta zo da ganewar ciwo a jaka. Ya ce Mama, a bar mu mu yi aikinmu. Na ce a yi, amma a haɗa da wannan. Bayan awa ɗaya ya dawo da takarda, tafiyarsa ta canza. Lambar gishirin jinin lafiyayyen mutum takan kasance tsakanin ɗari da talatin da biyar zuwa ɗari da arba'in da biyar. Yaya yana ɗari da sha bakwai. Ya tambayi ruwa nawa yake sha a rana, ni na amsa.

A nan ni ma aka gyara mini zama. Na ce a kawo romo mai gishiri sosai a ɗura masa yanzu, a gama. Likitan ya ce ko kusa. Ƙwaƙwalwar da ta yi kwanaki a tsinkakken jini ta riga ta saba, in aka mayar da gishirin da gaggawa ruwan zai fice daga ƙwayoyin da ƙarfi, ɓarnar ta fi ta farko, kuma ba ta gyaruwa. Kaɗan-kaɗan za a hau, ana aunawa kowane 'yan awoyi. Na san ƙwaya a cikin kwalba, shi ya san ta a cikin mutum. Na yarda, abin da ba kasafai nake yi ba. Ya tsayar da ƙwayar fitsarin, ya ƙayyade ruwa. Ya kuma ce kada mu sa rai da yawa, mai yiwuwa akwai ruɗewar tsufa a ƙarƙashi, sai gishirin ya daidaita za a san abin da ya rage.

Kwana uku muna zaune a gefen gado, ni a dama, ita a hagu. Lambar tana hawa, ɗari da ashirin da biyu, ɗari da ashirin da bakwai, Yaya yana ta yi mana ladabi. Ya gode wa Manaja da ta gyara masa filo, ya tambaye ni ko ina da iyali a garin nan. A rana ta biyu Manaja ta ce, ba tare da ta dube ni ba, ta san ina zaton so take ta kwashe shi. Na ce na yi zaton. Ta ce da gaske tana so, amma ba ta wannan hanya ba. Na ce na sani yanzu. A rana ta uku ta fita da rana ba ta ce ina za ta ba, ta dawo rigarta tana warin sitaci. Ta ce Maman Biyu ta saurare ta har ƙarshe, ta ce za ta yi tunani, kuma in ma za ta dawo, sai an cire takarda daga jikin ƙofa. Ta kuma aiko da tambaya, ko akwai mai zuba wa fulawar ruwa.

Da safiyar rana ta huɗu ina zaune ina neman carbi a jakata, hannuna ya ci karo da wani abu mai sanyi. Gilashin Yaya ne, ashe tun ranar na jefa shi ciki ban sani ba. Na fito da shi ina juyawa a hannu, ina tunanin wa zai gaje shi.

"Gardama."

Na ɗago. Idonsa a kan hannuna yake.

"Wa ya ba ki izinin taɓa mini gilashi? Dubi yadda kika shafa masa maiko. Ke dai har ki mutu ba za ki iya riƙe abu ta gefe ba."

Na ce da ya kula da kayansa da ba a ɗauka ba. Ya ce a gidansa aka sata, kuma ya san ɓarauniyar tun tana rarrafe. Sai ya juya ya ga 'yarsa, ya tambaye ta me take yi a nan ranar aiki, ko ofis ɗin ya ƙone. Ta rufe fuska da mayafi. Ya dube ta, ya dubi ledar ruwan da ke rataye a kansa, ya tambaya ko wani ya yi wa agogunansa wani. Ba wanda ya amsa. Ya ce ya sani.

Daga baya ya ce yana jin ƙishi. Manaja ta ɗauko kofin asibiti mai zane a jiki, ta zuba, ta ɗaga shi saitin ido, ta rage kaɗan, ta sake dubawa. Ta kalle ni.

"Ba ni za ki kalla ba," na ce. "Ga takardar likita can. Ni ma sai na leƙa."

Yaya ya karɓa ya shanye, ya miƙa mata kofin, ya miƙo mini tafin hannu. Na sa masa gilashinsa a ciki. Ya hura masa iska, ya goge da bakin zanen gado, ya ɗaga shi wajen taga yana duba ɓarnar da na yi.